Kakan da aka haifa zamanin Turawa: jikansa na da haƙƙin fasfon Birtaniya?

Ɗan Dala:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Wata magana ce ke yawo a WhatsApp, wai duk wanda aka haifi kakansa kafin 1960 yana da haƙƙin zama ɗan Birtaniya, tunda a lokacin Najeriya tana hannun Ingila. Har akwai masu karɓar kuɗi su cike wa mutane fom. Ina roƙon masana su warware mana.

A ɗauka an haifi mutum a Kano a 1922, ya shiga soja har ya je yaƙin Bama, daga baya ya sauke farali a 1957 da fasfo mai tambarin Ingila, fasfon kuma yana nan a adaka. Jikansa zai iya neman wani abu da shi? Na biyu, ana cewa bizar kakanni daban, zama ɗan ƙasa daban. Ina bambancin yake, kuma wa ya cancanci me?

Barista Na Ƙofar Mata:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Dala. Amsar tambayarka ta farko, a'a. Fasfon nan kayan tarihi ne, a adana shi da kyau, amma ba ya gadar wa jika komai a dokar Birtaniya. Duk mai karɓar kuɗi a kan wannan damfara yake yi.

Ga tushen ruɗanin. Mu a Hausa "ɗan ƙasa" kawai muke cewa, alhali dokar Birtaniya ta raba abin gida biyu. Akwai wanda ƙasar ta amince nata ne a idon duniya, ta ba shi fasfo, ofishin jakadancinta ya tsaya masa idan ya shiga matsala a wata ƙasa. Akwai kuma wanda yake da haƙƙin ya shiga Birtaniya ya zauna, ya yi aiki, ba mai tambayarsa biza. Samun na farko ba ya nufin samun na biyu. Har yau masu riƙe da fasfon Birtaniya aji shida ne, kuma aji ɗaya ne kacal kowa a cikinsa yake da haƙƙin zama kai tsaye, wato wanda aka rubuta wa "British Citizen" a fasfonsa.

To ina mutanen Arewa suka faɗo? Ikko da kewayenta Ingila ta mallake su tun 1861, saboda haka haifaffen can talakan Sarkin Ingila ne, kuma dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1949, ta mai da shi ɗan ƙasar Birtaniya da yankunan mallakarta. Arewa kuwa tun 1900 sunanta ƙasar da ke ƙarƙashin kariyar Ingila, kuma haɗewar 1914 ba ta canza wannan ba. A rubuce, Ingila riƙo take yi, ƙasar ba tata ba ce. Shi ya sa haifaffen Kano ko Sakkwato ko Zariya ko Yerwa, in dai ubansa ɗan gida ne, matsayinsa shi ne "British Protected Person", mutumin da Ingila ke karewa. A buɗe fasfon a duba inda aka rubuta matsayin mai shi, wannan za a gani. Haka abin yake a arewacin Gana, su Tamale da Wa, saɓanin Ankara da Kumasi.

Ko haifaffen Ikkon ma bai tsira da komai ba. Ranar 1 ga Oktoba 1960 duk wanda aka haifa a Najeriya, kuma aka haifi ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa a nan, ya wayi gari ɗan Najeriya, tsohon matsayin kuma ya faɗi. Wanda ya riƙe matsayin ɗan Birtaniya shi ne wanda aka haife shi, ko ubansa, ko kakansa na wajen uba, a Birtaniya ko a wani yankin da ya ci gaba da zama mallakarta, da 'yan wasu irinsu da doka ta ware.

Yaƙin Bama ma bai canza komai ba. Dakarun runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun ba da jininsu, sun cancanci fiye da abin da aka yi musu, amma aikin soja bai mai da su 'yan Birtaniya ba, balle jikokinsu.

'Yan ƙalilan ne suka ci gaba da zama ƙarƙashin kariya bayan 1960, galibi 'ya'yan baƙi waɗanda ba iyaye ba kakanni a Najeriya. Tun 2003 doka ta ba irinsu damar yin rajistar zama cikakkun 'yan ƙasa, da sharaɗin ba su da wata ƙasar daban. Mai fasfon Najeriya ba ya cikin wannan.

Hajiya Bazazzagiya:

Barista ya rufe ƙofar da ba ta buɗuwa. Bari in nuna wadda take buɗe, don akwai gidaje da yawa a Arewa da suke da haƙƙi ba su sani ba. Abin dubawa shi ne a ina aka haifi mutum, kuma a wace shekara. Tutar da ke kaɗawa a Kano lokacin ba ta da tasiri.

Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 ɗalibai da ma'aikata da yawa sun je karatu Ingila da iyalansu, aka yi haihuwa a can. Duk wanda aka haifa a Birtaniya kafin 1 ga Janairu 1983 cikakken ɗan ƙasa ne, ko da an dawo da shi Zariya yana goye, sai fa ɗan jami'in diflomasiyya. Daga wannan ranar dokar 1981 ta fara aiki, haihuwa a can kaɗai ba ta isa ba, sai uwa ko uba ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin lokacin haihuwar.

Mu ɗauki mace da aka haifa a Landan a 1964, aka dawo da ita tana shekara biyu. Ita cikakkiyar 'yar ƙasa ce. Ɗanta da ta haifa a Kaduna a 1987 shi ma ɗan Birtaniya ne tun ranar haihuwa, ta hanyar gado. Ba rajista zai yi ba, ba biza zai nema ba, fasfo kawai zai nema. Haƙƙinsa daidai yake da na uwarsa ta kowace fuska, ban da abu ɗaya: shi ba ya gadarwa ga ɗan da ya haifa a wajen Birtaniya. Gadon tsani ɗaya yake sauka ya tsaya. Don haka 'yarsa da aka haifa a Abuja a 2015 ba 'yar Birtaniya ba ce. Hanya biyu ake yi mata rajista kafin ta cika 18, da fom MN1. Ko dai uban ya taɓa zama a Birtaniya shekara uku a jere kafin a haife ta, ba tare da ya yi fiye da kwana 270 a waje ba. Ko kuma iyalin su koma can su zauna shekara uku tare da ita. Ta biyun ta fi, domin ita ce ke ba yarinyar matsayin da za ta iya gadarwa.

Idan duka biyun ba su samu ba, nan ne bizar kakanni ke shigowa. Sharuɗɗanta: mai nema ya kasance ɗan wata ƙasa ta ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, ya kai shekara 17, an haifi ɗaya daga cikin kakanninsa huɗu a Birtaniya ko tsibiranta na kusa, ko a Ayalan kafin 31 ga Maris 1922, yana iya aiki kuma da niyyar yi, yana da kuɗin riƙe kansa. Kaka na wajen uwa ko na wajen uba duk ɗaya ne. Mijin kaka ko matar kaka da ba su haifi iyayenka ba, ba sa shiga lissafi. Tattaɓa-kunne ba shi da rabo. Daga wajen Birtaniya ake nema, ba a fi wata uku kafin tafiya ba, kuma ɗan Najeriya sai ya haɗa da takardar gwajin tarin fuka daga asibitin da suka amince da shi, wadda ke aiki wata shida. A 2024 kuɗin bizar fam 637 ne, harajin lafiya kuma fam 1,035 a kowace shekara, a biya na shekara biyar gaba ɗaya, wato fam 5,175. Kuɗin nan hawa suke yi, a duba shafin gwamnatinsu ranar da za a biya.

Wannan biza ce, ba zama ɗan ƙasa ba. Fasfonka na Najeriya ne. Za ka yi kowane irin aiki ba tare da wani kamfani ya ɗauki nauyinka ba, za ka tafi da matarka da yara 'yan ƙasa da shekara 18, amma ba ka da haƙƙin tallafin gwamnati, kuma ana iya soke ta a kore ka idan ka aikata babban laifi. Bayan shekara biyar za ka nemi izinin zama na dindindin, muddin ba ka yi fiye da kwana 180 a waje ba cikin kowane wata goma sha biyu. Sai ka ƙara shekara ɗaya, sannan ka nemi zama ɗan ƙasa da fom AN: kada kwanakinka a waje su wuce 450 cikin shekara biyar, kada su wuce 90 a shekarar ƙarshe, ka ci jarrabawar sanin rayuwar ƙasar, tambaya 24, a ci 18, ka nuna shaidar Turanci. Inda mutane ke yawan faɗuwa shi ne sharaɗin cewa ranar da ta yi daidai da shekara biyar cif kafin ranar miƙa takarda, dole kana cikin Birtaniya. Wanda ya zo gida hutun Salla a wancan makon na shekara biyar baya, sai ya ɗaga ranar nema.

Abin lura: mai bizar kakanni yana jefa ƙuri'a a zaɓen Birtaniya, saboda ɗan ƙasa rainon Ingila ne mai izinin zama. Mai fasfon "British Protected Person" kuwa, duk da tambarin da ke bangon fasfonsa, ba ya zaɓe.

Ɗan Dala:

Allah ya saka da alheri, Hajiya. To idan uwa ce haifaffiyar can amma ɗan an haife shi kafin 1983 fa? Kuma idan uba ne, ana karɓar aurenmu na Musulunci da ba a je rajista ba?

Barista Na Ƙofar Mata:

Kafin 1983 uwa ba ta gadar da zama ɗan ƙasa, uba ne kawai. An gyara wannan zaluncin daga baya. Wanda uwarsa haifaffiyar Birtaniya ce, shi kuma an haife shi a Kano a 1979 misali, zai yi rajista da fom UKM, kuɗin bikin rantsuwa kawai zai biya. Amma a matsayin ɗan gado zai shiga, don haka 'ya'yan da ya haifa a nan ba su samu ba. Su bizar kakanni ce tasu, tunda kakarsu can aka haife ta.

Batun aure: kafin 1 ga Yuli 2006 uba ba ya gadarwa sai idan akwai aure tsakaninsa da uwar. Auren Musulunci da aka ɗaura a Najeriya karɓaɓɓe ne, ba sai na rajista ba, amma sai an kawo shaida: takardar aure daga kotun shari'a ko masallacin da aka ɗaura, da katin gayyata ko hotuna idan akwai. Matsala takan taso ne a kan mata ta biyu zuwa ta huɗu. Idan hukumar Birtaniya ta ɗauki uban a matsayin wanda Ingila ce tabbataccen mazauninsa lokacin auren, auren na biyu ba shi da inganci a dokarsu. Idan Najeriya ce mazauninsa, yana da inganci. Wanda wannan ya toshe wa hanya yanzu yana da fom UKF, wanda ba ya buƙatar aure, sai dai hujjar cewa mutumin ne ubansa.

A bincika abu ɗaya kuma. Tsarin mulkin Najeriya na da bai yarda babban mutum ya riƙe ƙasa biyu ba, saboda haka wasu haifaffun Ingila sun cike takardar ajiye zama ɗan Birtaniya a hukumance. Wanda ya yi haka kafin ya haihu, 'ya'yan ba su gada ba. Wanda kuwa bai taɓa cikewa ba, ko da bai taɓa riƙe fasfonsu ba, matsayinsa na nan daram.

Malam Mai Fayil:

Yawancin waɗanda ake ƙi, ba doka ce ke kayar da su ba, takardu ne. Sarƙa ake so mai ƙarfe uku: takardar haihuwar kaka, ta uwa ko uban da ya fito daga kakan, da ta mai nema, kowace tana ɗauke da sunan iyaye. Ƙarfe ɗaya ya tsinke, shi ke nan.

Ta kaka ita ce mai sauƙi. Ingila da Wales suna rajistar haihuwa tun 1837, Sikotilan tun 1855, kuma ana yin odar kwafi ta intanet daga ofishin rajista na can ko da ta gida ta ɓace. A nemi doguwar, mai sunan uwa da uba. Gajeriyar, mai sunan jariri da rana kawai, ba ta haɗa kowa da kowa.

Tamu ta nan ita ce mai wuya. Takardar da Hukumar Ƙidaya ta bayar bayan mutum ya yi shekara talatin, ko rantsuwar shekaru daga kotu, ba su da nauyi su kaɗai, domin abin da mai nema ya faɗa ne aka rubuta. Jami'in yana neman abin da aka rubuta a lokacin: katin awon ciki na uwa, katin rigakafi, rajistar asibiti, sakamakon firamare, tsohon fasfon uwa da aka saka sunan yaro a ciki, hotunan iyali na shekaru daban-daban. A tattara su kafin a biya ko sisi.

Sai sunaye. Muhammadu a takardar Landan, Mamman a firamare, Mohammed a fasfo. Wani makaranta ce ta laƙaba masa sunan garinsu, Funtuwa ko Gumel, a madadin sunan uba. Mace kuma ta koma amfani da sunan miji. Kowane canji sai an cike shi da takarda, a kuma rubuta wasiƙa gajeriya mai bayanin yadda sunayen suka haɗu. Ranar haihuwa ta 1 ga Janairu da aka ƙirƙira, wadda ta saɓa wa ta asibiti, ita ma a yi bayaninta tun farko, kada a bari su gano da kansu.

Gwajin jini na DNA ba dole ba ne, amma yana ceto idan takardu sun yi rauni, da sharaɗin a yi shi a ɗakin gwajin da hukumarsu ta amince da shi. Wanda kamfanoni ke sayarwa, mai cewa kaso kaza na jininka daga wuri kaza yake, ba hujja ba ne ko kaɗan.

Don Allah kada a bar wani ejan ya "gyara" takarda. Jabu ɗaya tana jawo haramcin biza na shekara goma, kuma ko an riga an ba mutum zama ɗan ƙasa ana iya ƙwacewa idan ta bayyana.

Ɗan Damagaram:

'Yan'uwa na Nijar, Chadi da Sudan su sani bizar kakanni ba ta shafe su ba, don ƙasashen ba sa cikin ƙungiyar rainon Ingila. Najeriya, Gana da Kamaru suna ciki. Gadon uwa ko uba kuwa, wanda Hajiya ta bayyana, bai damu da fasfon da kake riƙe da shi ba.

Ta ɓangaren Faransa ma labarin kusan ɗaya ne: haihuwar kaka a Zinder ko Maraɗi kafin 3 ga Agusta 1960 ba ta isa ba. Amma wanda aka haifa a cikin Faransa kafin 1 ga Janairu 1994, kuma aka haifi uwarsa ko ubansa a Nijar kafin 'yanci, Bafaranshe ne tun haihuwa. Gadon Faransa ba ya tsayawa a tsani ɗaya, sai dai idan iyali suka yi fiye da shekara hamsin a waje, ba fasfo, ba katin ɗan ƙasa, ba rajista a ofishin jakadanci, kotu na iya cewa haƙƙin ya faɗi.

Barista Na Ƙofar Mata:

Tunda an taɓo Sudan, mu juya tambayar, don ta fi shafar Hausawa da yawa: jikan wanda ya bar Kano ko Haɗeja ya zauna a Sudan, Makka ko zangon Kumasi, mene ne nasa a Najeriya?

Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a wajen Najeriya, kuma uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne na haihuwa. Wanda aka haifa a cikin Najeriya bayan 'yanci kuwa, kaka ɗaya ɗan ƙasa ya ishe shi. Shari'ar Alhaji Shugaba Darman ta nuna ƙarfin wannan matsayi: a 1980 gwamnatin tarayya ta kai shi Chadi tana cewa baƙo ne, alhali shi ne jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Barno, kotu kuma ta tabbatar ɗan ƙasa ne ta wajen mahaifiyarsa.

Wanda aka haifa a waje kuma kaka kawai zai iya kafa hujja da shi, sashe na 26 ne nasa: rajista, ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, bayan ya nuna halin kirki da niyyar zama a Najeriya, ya kuma yi rantsuwar biyayya. Zai sami fasfo, zai yi zaɓe, amma ba daidai yake da na haihuwa ba. Ba zai tsaya takarar shugaban ƙasa ko gwamna ba, domin sashe na 131 da na 177 sun ce sai ɗan ƙasa na haihuwa. Sashe na 28 ya ce idan ya karɓi zama ɗan wata ƙasa wadda ba tasa ta haihuwa ba, na Najeriya ya faɗi. Sashe na 30 kuma ya ba shugaban ƙasa ikon ƙwace shi idan aka tabbatar da rashin biyayya ga ƙasa. Ɗan ƙasa na haihuwa duk waɗannan ba su hau kansa ba.

Don haka kafin a ruga rajista, a fara gwada tabbatar da cewa uwa ko uba ɗan Najeriya ne a doka, ko da bai taɓa riƙe fasfo ba. Idan wannan ya tabbata, mutum ya faɗa sashe na 25. A aikace hujjar da ofishin fasfo ke nema ita ce takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, ita kuma tana farawa ne daga mai unguwa da dagaci da hakimin garin da kakan ya fito. A je da sunan gidan, da sunan unguwar, da dattawa biyu na dangi da suka san lokacin da ya tafi.